Ƙirgen jinina cif yake, amma in ya ɓalle baya tsayawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffiyar Makka ce, a Sharar Mansur na buɗe ido, kakanninmu suna cikin waɗanda suka taho aikin hajji ta ƙasa, suka ratso Chadi da Sudan suka tsallako ruwa daga Sawakin, daga nan kuma zama ya kama su, don haka in kunji Hausata ta ɗan gauraya da larabci kuyi min uzuri haka muke yinta a nan. Labarin ciwona zan baku, ciwo ne da ake haifar mutum dashi, sunansa Glanzmann, nasan da yawanku yau kuka fara jin sunan, mu ma a gidanmu sai da na zama budurwa aka faɗa mana, duk shekarun baya lalube akeyi a duhu.

Umma da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne, iyayensu ma kusan haka, don mutanenmu da suka zo nan basa son 'ya ta fita bare, kowa riƙe yake da nasa. Ɗan farin Umma namiji ne, ban sanshi ba. An masa kaciya yana jariri kamar yadda akeyi a nan, jini yayi ta tsattsafowa ana canza tsumma ana cewa yanzu zai tsaya, kafin a yanke shawarar kaishi mustashfa yaro yayi fari fat, Allah ya karɓi abinsa. Wasu suka ce hannun wanzamin ne bashi da kyau, wasu suka ce kambun baka ne don yaron ƙato ne mai kyau. Tun daga ranar Kaka ta rantse ba mai aska da zai sake taɓa jikanta, shiyasa ni ba'a cire min beli ba, ba'a min ƙaho ba, kuma daga baya likitoci sun ce da anyi ko ɗaya da wuya in kai labari.

Ni nawa da huda kunne ya fara nuna kansa. Daga nan sai famfarar haƙori, kowane haƙori in ya fita sai an kwana ana danna min auduga, asuwaki kuwa ko burushi mai tauri dasashina baya ɗauka. Amma babban abokin tashina haɓo ne. Kunsan zafin Makka, lokacin bazara yana haura 45, ka shigo daga rana ka faɗa ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, iskar ta busar maka da hanci, toh ni da zarar cikin hancina ya tsage shikenan. Sau tari cikin barci yake zuwa, in farka inji fuskata ta manne da matashi, gashina ya ƙandare da busasshen jini, bakina yana ƙarni, wanda na haɗiye kuma da safe in amayar dashi baƙi ƙirin. Umma tana da wani kwano na silba da ta ware min, ta zaunar dani ta sunkuyar min da kai ta matse hancin tana karanta duk abinda ta sani, ta jiƙa tawul da zamzam mai sanyi ta ɗora min a goshi, Baba yana tsaye bakin ƙofa da makullin mota a hannu yana jiran tace a tafi ko a ƙara haƙuri. Jikina kuwa kullum da tabon kwanciyar jini, ko jakar makaranta in ta cika nauyi sai ta bar min shaida a kafaɗa, har wata malama ta taɓa aikawa a kira Umma tana tuhumarta wai dukana takeyi. Umma tayi kukan wannan fiye da na haɓon.

Abinda ya daɗe yana ɓatar damu shine tahalil, wato gwajin jini. Duk mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da mukaje sai a ɗebi jini a ƙirga safa'ih, wato ƙananan ƙwayoyin nan masu toshe rauni da likitocin Najeriya ke cewa filatilet, lafiyayye nasa yana tsakanin dubu 150 zuwa dubu 400 da ɗoriya, nawa kullum yana tsakiya cif. A auna daskarewar jini irin wanda ake gane masu himofiliya, wani ciwon zubar jini na gado, dashi, shima ya fito daidai. Sai likita ya kalli takarda ya kalli Umma yace yarinya lafiyarta ƙalau ƙarancin jini ne kawai, a bata maganin ƙarfen jini a rage mata wasa a rana. Akwai ma wanda ya rubuta min Brufen saboda ciwon kai, ranar munga tashin hankali, ashe shi da asfirin da Voltaren guba ne ga irina, Panadol ne kawai namu.

Ranar da na fara al'ada ita ta tona asirin komai. Jini ya ɓalle kamar an kwance famfo, ina jin kunyar faɗa, Umma tana ganin yawan wankin da nakeyi tana zaton zumuɗin girma ne, sai da na yanke jiki na faɗi a banɗaki. A tawari, wato sashen gaggawa, suka ce jinina ya sauka zuwa 5, mace lafiyayya 12 ne zuwa sama. Aka ƙara min jini, aka ƙara min safa'ih, abin mamaki ƙirgen nawa bai ragu ba amma da na wani suka shiga jikina sai jinin ya tsaya, wani likita mai lura yace lallai akwai magana a nan, ya rubuta mana takarda zuwa Jidda. Kafin layi yazo kanmu an shafe watanni, kowane wata kuma sai an kwantar dani, kuma tunda an gano safa'ih suna min aiki sai ya zama da nazo ko haɓo ne a rataya min leda. A lokacin murna muke, Baba har sadaka yayi don an samu magani.

Ga kuma matsalar ibada da ba kowa yake tunawa da ita ba. Yarinya ƙarama ina zaune tazarar tafiyar ƙafa da Harami amma rabin wata bana iya ɗawafi, ban san ranar da zan ce haila ta ƙare istihala ta fara ba. Kaka 'yar Malikiyya ce ta gaske, makarantarmu kuma da Hambaliyya ake koyar damu, Allah yasa kan kwana 15 na haila bakinsu ɗaya, amma da nazo jego sai da aka sha gardama, ita tana cewa iyakar jinin biƙi 60 ne malaman unguwa suna cewa 40.

A Jidda muka haɗu da daktorar jini 'yar Sudan, tace a garinsu Wad Madani da Hausawa ta tashi, har tana gaida Umma da ina gajiya. Ita ce mutum ta farko da ta tambayi Umma ko ta taɓa rasa ɗa ta hanyar zubar jini, da kuma ko ita da Baba dangi ne. Gwajin da tasa akayi daban yake da na baya, ba ƙirge ake ba aiki ake dubawa, ana ɗiga wasu sinadarai a ruwan jinin mutum, na lafiyayye sai safa'ih su dunƙule wuri ɗaya, nawa ko gezau, abu ɗaya tak suka amsa masa wanda ake kira ristosetin, tace wannan shine sa hannun Glanzmann. Sai aka sake wani da na'ura mai haske ana neman alamomi biyu a bayan safa'ih, CD41 da CD61, nawa basu kai kashi 5 cikin ɗari ba, wato nau'i na ɗaya, mafi rashi. Ta zana mana a takarda. Tace safa'ih a ɓargo ake ƙera su, suna rayuwa kwana 7 zuwa 10, in an ji rauni sai su ruga wurin su kama juna su toshe, abinda suke kama junan dashi wani maƙali ne a bayansu, kowace ƙwaya ɗaya tana da kusan dubu 80, ni kuma an haife ni babu shi. Suna nan da yawansu, suna zuwa bakin raunin, amma ba mai iya riƙe ɗan uwansa. Tace wani likitan yara ne ɗan Suwizalan mai suna Eduard Glanzmann ya fara bayyana ciwon a 1918, a duniya ana ƙiyasin mutum ɗaya cikin miliyan, amma duk inda auren zumunci yayi yawa yana ninka haka, irin Saudiyya da Jodan da Iran da kudancin Indiya. Umma tana ɗauke da rabi Baba yana ɗauke da rabi, su basu san suna dashi ba don rabin maƙali ya ishi mutum, amma kowane ciki da Umma zata ɗauka akwai ɗaya cikin huɗu ya haɗa biyun. Umma bata ce komai ba sai a mota, tace ashe ba wanzami bane, shekara da shekaru bana amsa gaisuwar matarsa.

Daga nan rayuwa ta ɗan daidaita. Aka ɗora ni kan ƙwayoyin tsayar da al'ada, waɗanda mutane suka sani da na tsarin iyali, kuma kunsan bakin mutanenmu, budurwa da irin wannan ƙwaya a jaka, Umma ce take zuwa saidaliyya ta karɓo min. Sai Cyklokapron da nake sha in jini ya fara ko in kurkure baki dashi, sai ƙarfen jini, sai Vaseline a hanci kullum dare, ba allurar tsoka, ba cire haƙori sai an shirya. Na gama sanawi lafiya.

Wajen shekara ashirin abin ya juya. Wani haɓo ya kai ni gado, aka rataya leda bayan leda jini bai fasa ba. Da daktora ta aika jinina babban lab sai sakamako ya dawo cewa jikina ya ƙera sojojin garkuwa masu kashe safa'ih ɗin da ake ƙara min tun kafin suyi aiki. A nan na fara jin maganar tambari, kuma ƙanwata da take karatun aikin lab ita ta zauna dani ta warware min har na gane. Ashe bayan kowace ƙwayar safa'ih cike yake da tambura, jiki dasu yake bambance nasa da baƙo, kuma ba duka bane nata ita kaɗai. Akwai na rukunin jini A da B da take tarayya da jajayen ƙwayoyi, akwai wanda ake kira HLA da yake kan fararen ƙwayoyi da kusan duk naman jikin mutum, sai kuma waɗanda suke zaune akan maƙalin nan da ni bani dashi. Ni na ƙera sojoji kala biyu. Na HLA da sauƙi, ana iya tace fararen ƙwayoyi daga leda a kuma nemo mai bada jini da tambarinsa yayi kusa da nawa. Na maƙalin kuwa ba dabara, don duk lafiyayyen da zai bani safa'ih yana dashi, dalilin da yasa ake son nasa ɗin kenan, kuma shine jikina yake ganin baƙo don tunda aka halicce shi bai taɓa ganinsa ba. Bana zargin waɗanda suka ƙara min a ranar da rai ke hannun Allah, da basu yi ba da ba ni ke rubutun nan ba. Amma ledojin da aka rataya min saboda haɓon da toshe hanci da Cyklokapron zasu iya tsayarwa, waɗannan har gobe suna min ciwo, don kowace leda ƙara koya wa jikina faɗa takeyi, kuma yarinya mace ce ake yiwa, wadda haihuwa ke gabanta. Tun daga lokacin aka koma yi min wata allura NovoSeven, wadda take tsallake maƙalin ta taimaki jini ya daskare ta wata hanyar, tsadarta kuwa ba'a magana, da ba don Baba yana da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ba ban san yadda zamu yi ba.

Sai akayi gwajin ƙwayar gado don a san takamaimai inda ɓarnar take. Maƙalin nan ɓari biyu ne, alfa 2b da beta 3, kowanne da ƙwayar gadonsa akan kuromosom na 17, in ɗaya ya lalace ɗayan ma baya fitowa bayan safa'ih, don haka ta wajen zubar jini duk ɗaya ne. Bambancin yana sauran jiki. Da ƙanwata ta gama bayani nace mata toh ai beta 3 ɗin nan mai mata biyu ne, uwargida alfa 2b tana gidan safa'ih bata fita ko ina, amarya kuma da ake kira alfa v gidajenta suna shimfiɗar cikin jijiyoyin jini da ƙwayoyin da suke sassaƙe ƙashi da kuma mabiyiya. In uwargida ce babu, maigida yana nan a ɗaya gidan, jiki ya sanshi. In maigidan ne babu, gidajen duka sun zama kango. Tayi dariya tace wallahi haka yake. Da can masana sun ɗauka tamburan nan na safa'ih ne kaɗai, sai a shekarun 1980 aka gano su a shimfiɗar jijiyoyin jini, har wasu masu bincike a Holan suka raini ƙwayoyin jijiyar cibiyar wani jariri mai Glanzmann suka tarar nasa na jijiya lafiya lau duk da safa'ih ɗinsa babu. A 1991 kuma aka nuna cewa Yahudawan Iraƙi masu ciwon sun rasa har na amaryar don beta 3 ne ya lalace musu, Larabawan da aka gwada tare dasu kuwa nasu na nan don alfa 2b ne matsalarsu. Nawa sakamakon beta 3 ya nuna. Na tsorata nace kenan jijiyoyina da ƙashina ma a lalace suke, daktora tace a'a 'yata, ɓerayen da aka cire wa beta 3 a lab an ga ƙashinsu yana yin tauri fiye da kima kuma mabiyiyarsu tana samun matsala, amma mutane irinki jijiyoyinsu suna tsirowa daidai, suna girma suna ɗaukar ciki, Allah yayi wa jiki wasu hanyoyin. Tace inda zancen zai dame mu shine ranar da kika samu ciki.

Aure kam sai da aka kai ruwa rana. Ɗan gwaggona aka so bani tun ina ƙarama, Umma tace sai dai bayan ranta. Wasu manema suna jin labari suke janyewa, ana cewa gidan su mai jini. Wanda Allah ya ƙaddara bare ne gaba ɗaya, iyayensa mutanen Damagaram ne mazauna Jidda, kafin a sa rana na kaishi wajen daktora ta faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye, aka gwada shi baya ɗauke da komai. Cikin zumuɗi yace Daktora in dai jini ne ga nawa a ɗiba ko yau, tace kai ne ma mutum na ƙarshe da zan karɓi nasa, in na saka mata jininka na koya wa jikinta faɗa da tambarin 'ya'yanka tun kafin su zo. 'Yan uwana na ciki ɗaya ma ta hana, saboda ko wata rana za'a buƙaci dashen ɓargo daga ɗayansu, don shine kaɗai yake raba mutum da ciwon, ana yinsa a asibitin Sarki Faisal, amma shima da nasa haɗarin, ni dai ba'a ga ya kama ba.

Ƙarshen 2019 na samu ciki. Al'ada ta ɗauke, karon farko a rayuwata naji jinina ya huta, amma hankalin daktora a tashe yake. Tace tunda ubansa lafiyayye ne ɗan cikinki bazai yi ciwon ba, zai gaji beta 3 mai kyau daga wajensa, toh amma wannan ɗin shine sojojin jikinki suke farauta, kuma suna iya ratsa mabiyiya su shiga jininsa. Tun wajen sati 16 safa'ih ɗin ɗan tayi suke fito da tambarin, ga shi a jikin mabiyiya, ga shi a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa da suke tsirowa. Tace ko matan da basu da Glanzmann ana ganin irin haka, musamman Turawa, kusan 2 cikin ɗari basu da wani tambari da ake kira HPA-1a wanda shima akan beta 3 yake, in jaririn ya gado daga uba sai uwa ta ƙera masa sojoji, kuma bincike ya nuna alaƙa tsakanin sojojin da suke taɓa shimfiɗar jijiya da zubar jini a ƙwaƙwalwar jariri. Na fito daga ofishinta ƙafata bata ɗaukata. Na guji dangi don kar in haifi mai ciwo, Allah ya bani lafiyayye, sai ga shi lafiyar tasa ce take neman ja masa, kuma daga jikina abin zai fito. Maigida yana tuƙi yana cewa ki daina kuka ki bar wa Allah, ni kuma ina dafe da ciki ina bashi haƙuri tun bai san duniya ba.

Aka ɗora ni kan ƙarin ruwan garkuwa ta jijiya duk sati, wanda yake danne nawa sojojin ya rage masu ratsawa, ana zama awanni ana ɗiga shi, bayansa ciwon kai kamar zai tsage. Ana cikin haka korona ta shigo, farkon Afrilun 2020 aka rufe Makka ba shiga ba fita dare da rana, masu bada jini suka yi ƙaranci, sai da tasrihi, wato takardar izini, ake motsi. Dole na tattara na koma Jidda gidan surukai kusa da asibiti, Umma tana Makka bata iya zuwa, kullum a waya take min tofi. Duk sikanin da za'ayi idona akan fuskar mai yin yake ba akan allo ba, in naga ta daɗe a kan yaron sai numfashina ya tsaya.

Aiki suka yanke za'a min, don basa son kansa ya matsu ko a kai ga jawo shi da ƙarfe, allurar baya kuma haramun ce ga irina saboda jini zai iya taruwa a laka, barci aka sani gaba ɗaya. Sun tanadi NovoSeven suna min tun kafin a yanka, bayan nan kusan duk awa biyu, ga Cyklokapron ta jijiya, ga jini wankakke, ga safa'ih na wanda HLA ɗinsa yayi daidai da nawa an ajiye ko da ta ɓaci. Na zubar da jini sosai amma an shawo kansa. Namiji na haifa. Jinin cibiyarsa da aka auna safa'ih ɗinsa dubu 40 ne da 'yan kai, jikinsa da ɗigo-ɗigon ja kamar cizon sauro, bitamin K ma a baki aka bashi ba'a yarda da allurar cinya ba. Shima aka ƙara masa ruwan garkuwar, aka yi hoton kansa ta maɗiga, da ma'aikaciyar tazo tace ƙwaƙwalwa fes ba ɗigon jini, maigida a tsakiyar ɗakin yayi sujada da takunkuminsa da komai. Sojojin nawa ne ba nasa ba, don haka a hankali suka ƙare a jikinsa, cikin 'yan makonni ƙirgensa ya hau da kansa. Kaciya sai da daktora ta sa hannu, a asibiti akayi, Umma ranar ko abinci bata iya ci ba.

Jego ma sai da akayi daru. Hajiya surukata ta tanadi ganyen darbejiya da tukunya tace sai anyi wankan ruwan zafi da gashi ga kunun kanwa, nace Hajiya kiyi haƙuri an hana ni, tace mu da muka haifi goma da shi muka tashi. Ana cikin ja-in-ja bayan suna jini ya sake ɓalle min cikin dare, wanda dama an gargaɗe mu cewa masu Glanzmann yana iya dawo musu ko bayan sati biyu ko uku, aka koma asibiti da gudu. Tun daga nan Hajiya da kanta take ƙirga min ƙwayoyi tana hana kowa bani jiƙe-jiƙe.

A layin asibiti na saba da mutane. Akwai wata baiwar Allah 'yar Yaman, nata Bernard-Soulier ne, wasu likitocin Faransa biyu suka gano shi a 1948, ita wani maƙalin daban ta rasa wanda safa'ih suke manne wa bangon jijiya dashi, nata manya-manya ne kuma ƙirgensu ƙasa, shekaru ana mata maganin wani ciwon daban har saifarta aka cire a banza. Waɗanda suka fi tsaya min a rai 'yan uwanmu ne marasa igama, wato takardar izinin zama, ko masu igama ba ta'amin, wato inshorar lafiya, nasan gidan da yara biyu suke da irin haɓona, gwajin farko ma ya gagare su balle allurar da ake kashe dubban riyal a dare ɗaya, kuma tunda aka rushe unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina da Gulel kowa ya watse ban ma san inda suka koma ba.

Yanzu yarona yana makaranta, ɗauke yake da rabi kamar kakanninsa, ko haɓo bai taɓa yi ba, na rubuta masa a takardunsa don ranar aurensa. Ciki na biyu daktora tace sojojin sukan fi zafi, mun dai tsaya a nan tukuna, Hajiya tana ta shaguɓe muna shanyewa. Rigimar da nake ciki yanzu ta ƙanina ce, an gwada shi yana ɗauke da rabi, kuma 'yar gwaggo yake so, ƙanwar wanda aka so bani. Gwaggo tace ai sunyi gwajin aure na hukuma sun fito salim, nace Gwaggo wannan gwajin da aka wajabta tun 2004 sikila yake nema da talasimiya, wani ciwon ƙarancin jini na gado, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau, babu Glanzmann a ciki, namu sai an nema da suna, kuma tunda an san ainihin inda ɓarnar gidanmu take abu ne mai sauƙi a duba ta. Tace ni ce nake son raba zumunci don ban auri ɗanta ba. Yarinyar ce da kanta ta kira ni a ɓoye tace Yaya ki karɓar min mau'idi, wato ranar ganin likita, zanje, ranar Lahadin da ta wuce na raka ta aka ɗebi jinin, sun ce sakamako sai nan da wasu makonni. Baba ya ɗage sa rana zuwa bayan hajji, Gwaggo kuma har yau in na gaishe ta a waya sai ta miƙa wa jikarta.